Darasin Kakar Ƙwallo Ta 2017: A Bar Baƙo Ya Tafi Da Makinsa Lafiya

Jama'a, duk mai bin labarin wasan ƙwallon ƙafa a ƙasar nan ya san wata magana da ta zauna daram a bakin magoya baya tun daga Maiduguri har Fatakwal, wato "ba a cin mu a gida". Ana faɗinta ana bugun ƙirji, har ta zama kamar wata doka da ba a rubuta ba. Mu kuwa a namu ganin, wannan magana ita ce cutar da ta fi kowace cuta cin gasar ƙwararru ta Nijeriya. Muna so mu kafa hujja da kakar wasa guda ɗaya wadda mutanen Filato da maƙwabtansu ba za su taɓa mantawa da ita ba, wato kakar shekarar 2017.

Bari mu tuna wa mai karatu yadda abin ya gudana. A wannan shekara ƙungiyoyi 20 ne suka shiga gasar, kowacce ta buga wasa 38, wato 19 a gida, 19 a waje. An soma a watan Janairu, aka kammala ranar Asabar 9 ga Satumba. Kafin wasan ƙarshe Plateau United ta Jos tana da maki 63, ita kuwa MFM ta Legas, wadda wata ikilisiya ce ta kafa ta, tana biye da maki 62. A filin wasa na Rwang Pam, Plateau United ta lallasa Rangers ta Inugu, wadda ke riƙe da kofin a lokacin, da ci biyu ba ko ɗaya, Emeka Umeh da Benjamin Turba suka jefa ƙwallayen. A daidai wannan lokaci El-Kanemi Warriors ta ci MFM biyu da ɗaya a Maiduguri. Da haka Plateau United, a ƙarƙashin mai horarwa Kennedy Boboye, ta ɗauki kofin a karo na farko a tarihinta, da maki 66. Rabon da kofin gasar ya kwana a Jos tun shekarar 1972, lokacin da Mighty Jets ta ci shi a farkon kafa gasar ta ƙasa. Shekara 45 ke nan, wanda aka haifa a waccan shekara har ya soma furfura.

An yi murna, kuma murnar ta dace. To amma akwai abin da ke cikin jadawalin wannan kaka wanda kiɗa da rawa suka hana mu dubawa da kyau. Plateau United ta ci wasa 18 ne kawai, ta yi kunnen doki sau 12, aka ci ta sau 8. MFM da ta zo ta biyu ta fi ta yawan cin wasa, domin ta ci 19, amma canjaras biyar kaɗai ta yi, aka doke ta har sau 14. Wanda ya fi kowa zura ƙwallo a raga ma ba ɗan Plateau United ba ne. Anthony Okpotu na Lobi Stars ta Makurɗi ne da ƙwallo 19, sai Stephen Odey na MFM da 18.

A duba wannan lissafi a tsanake. Ƙungiyar da ta buga wasa 19 a gidanta, amma duk wasannin da ta ci a shekarar, gida da waje, 18 ne, ai tilas akwai baƙin da suka zo Jos suka tafi da maki a aljihunsu. Balle kuma cikin 18 ɗin nan akwai wanda ta ciwo a waje, kamar wasanta na farko da ta je Shagamu ta ci Remo Stars biyu da ɗaya. Ashe ke nan ana iya ɓarar da maki a gida a kuma ɗauki kofi a ƙarshen shekara. A ɗaya gefen kuma, ko da a ce wata ƙungiya ta cinye dukkan wasanninta 19 na gida, ta hanyar gaskiya ko ta wata hanya, maki 57 za ta tara, wanda a wannan shekara ko matsayi na uku ba zai ba ta ba, tun da Enyimba da ta zo ta uku maki 61 ta samu. Abin da ya kawo kofi Jos shi ne haƙurin tsinto maki ɗaya-ɗaya, da tsaron gida mai ƙarfi, da rashin karaya in an fita waje. Mutane sun fi tunawa da doguwar jifar Daniel Itodo da kamun Dele Ajiboye, amma waɗannan canjaras 12 su ne tubalin ginin.

To in haka ne, mene ne amfanin duk wannan tashin hankali da ake yi don kada baƙo ya ci wasa? Domin kuwa ita kanta kakar 2017 ba ta kuɓuta daga gare shi ba. Wasan buɗe gasar ma ba a kai ƙarshensa ba. An yi shi ne a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano tsakanin Kano Pillars da FC IfeanyiUbah ta Nnewi, baƙin suka ƙi ci gaba da wasa saboda ba su yarda da hukuncin alƙalin wasa ba, daga baya aka ba Pillars wasan. A watan Afrilu Akwa United ta Uyo ta je Kano ta yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi, sai rikici ya ɓarke, har kamfanin LMC mai gudanar da gasar a lokacin ya ci Pillars tara, ya kuma hana 'yan kallo shiga filin. A cikin watan nan dai aka jejjefi motar Enyimba a Katsina, bayan wani saɓani tsakanin golan Enyimba da yaro mai ɗauko ƙwallo. Kada kuma wani ya ce halin Arewa ne, domin a 2019 an doki alƙalin wasa a Shagamu bayan wasan Remo Stars da Bendel Insurance. Cutar ba ta san Kudu ko Arewa ba, ba ta san ƙabila ko addini ba.

Mu ma mutanen wannan yanki kada mu yi saurin nuna yatsa, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba a manta da abin kunyar shekarar 2013 ba, lokacin da ƙaramar ƙungiyar Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 ba ko ɗaya, ita kuma Police Machine ta ci abokiyar karawarta 67 ba ko ɗaya, duk a rana ɗaya, don kowacce tana neman ta fi ɗayar yawan ƙwallaye ta haye mataki na gaba. A wasan Feeders, ƙwallo 72 aka jefa bayan an dawo daga hutun rabin lokaci kaɗai. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da shugabanninsu harkar ƙwallo har abada. Wannan da jifar motar baƙi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wato son a yi nasara ko ta halin ƙaƙa.

Yana da kyau mu tambayi inda wannan hali ya samo asali, don ba a maganin ciwo sai an san tushensa. Abu na farko shi ne masu ƙungiyoyin. Cikin ƙungiyoyi 20 na kakar 2017, guda 16 na gwamnatocin jihohi ne. Gwamna ke naɗa shugaban ƙungiya, baitulmalin jiha ke biyan kuɗi. Shugaban da aka naɗa ya san cewa manyan gari ba sa bin ƙungiya zuwa Uyo ko Ilori, wasan gida suke gani da idonsu. In an ci shi a waje zai ce zalunci aka yi masa, kowa ya yarda. In aka ci shi a gida kuwa, kujerarsa ce ke rawa. Saboda haka duk ƙarfinsa da dabararsa a kan wasan gida suke ƙarewa.

Na biyu, halin da alƙalan wasa suke samun kansu a ciki. An yi shekaru da dama ƙungiyar gida ce ke ɗaukar nauyin masaukin alƙalin wasa da abincinsa da alawus ɗinsa. Mutumin da ya kwana a ɗakin da ka biya, ya ci tuwon da ka saya, sa'an nan ya ɗaga kai ya ga dubban mutane kewaye da shi da 'yan sanda ƙalilan, da wace zuciya zai busa fenariti a kanka ana saura minti biyu a tashi? Ba mu wanke masu karɓar na goro a cikinsu ba, amma tsoro ma yana murɗe hukunci kamar yadda kuɗi ke yi.

Na uku, wahalar hanya. Daga Maiduguri zuwa Uyo tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma a mota akasarin ƙungiyoyi ke yin ta. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lakwaja, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A 2021 motar Wikki Tourists ta Bauci ta ƙone a Hawan Kibo, Allah ya kiyaye rayukan waɗanda ke ciki. Yaron da ya kwana biyu a zaune ƙafafu a naɗe, mai yiwuwa kuma yana bin albashin watanni, tun kafin ya shiga fili an riga an ci shi rabi. In ya jure duk wannan ya yi wasa mai kyau ya ci, ashe ladan da ya kamace shi a wurinmu jifa ne?

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ai kowa a gidansa sarki ne, ko a Ingila da Sifen ƙungiyar gida ta fi yin nasara. Gaskiya ne, kuma babu laifi a ciki. Mai gida ya san filinsa, ya kwana a gadonsa, ga jama'arsa suna yi masa kirari. Wannan riba ce ta halal, kowa ya ci tasa. Abin da muke ƙi shi ne ribar da ake samu da dutse da sanda da tsare ƙofar ɗakin alƙalai. A waɗancan ƙasashe ƙaramar ƙungiya kan je gidan babba ta ci, ta shiga motarta ta koma, ba a fasa ko gilashi ɗaya ba. Wannan rashin sanin tabbas shi ke sa matasanmu cika gidajen kallon ƙwallo ranar Asabar, suna biyan kuɗi don su ga wasan da ake yi a wata nahiya, alhali ga fili a garinsu. Wa zai bar aikinsa ya je kallon wasan da tun kafin a busa usur ya san sakamakonsa?

Wasu kuma za su ce, to ai in mun je gidansu haka suke yi mana, in ba mu rama ba mu ne za mu faɗa rukuni na biyu. Wannan ita ce hujjar da ta fi kama hankali, kuma ita ce ta fi ɓarna, domin kowace ƙungiya cikin 20 ɗin nan ita take kafawa. Kowa yana cewa ramuwa yake yi, ba a san wanda ya fara ba, ba kuma za a sami wanda zai daina ba. Amma tarihi bai goyi bayan masu wannan magana ba. Kano Pillars ta ci kofin gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, babbar ƙungiya ce wadda babu mai raina ta, amma a 2022 ta faɗa rukuni na biyu, kuma makin da aka zabge mata saboda rikicin fili yana cikin abin da ya ja ta ƙasa. Ita kuwa Remo Stars da ta zo ta ƙarshe a 2017, ta kuma sha hukunci a 2019, ta koma ta gina filinta a Ikenne, ta kafa makarantar renon yara 'yan ƙwallo, ta yi haƙuri da mai horar da ita, sai ga shi a 2025 ta ɗauki kofi. Aiki ne ya kai ta can.

Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ranar wankan ƙungiyoyinmu ita ce ranar da suka fita wasannin Afirka, inda babu alƙalin da za a tsorata, babu kuma jama'ar gida. A duba abin da ya sami zakarun 2017 ɗin nan a shekarar 2018. Plateau United ta fitar da Eding Sport ta Kamaru, sa'an nan ta haɗu da Etoile du Sahel ta Tunisiya. Ta ci ɗaya ba ko ɗaya a nan Nijeriya, amma an riga an ci ta huɗu da biyu a can, ta fita. Aka mayar da ita ƙaramin kofi, ta ci USM Alger ta Aljeriya biyu da ɗaya a nan, aka je can aka ba ta huɗu ba ko ɗaya. MFM ma ta ci MC Alger biyu da ɗaya a Legas, ta je Aljeriya ta sha shida ba ko ɗaya. In waɗanda suka fi kowa a gasarmu haka suke yi da zarar sun ƙetare iyaka, to gasar ce ba ta koya musu yadda ake wasa a gidan wani ba. Rabon da wata ƙungiyar Nijeriya ta ci babban kofin zakarun Afirka tun Enyimba a 2003 da 2004. Bugu da ƙari, a gasar cin kofin ƙasashen Afirka da aka yi a Kwaddebuwa a farkon 2024, ba a ɗauki alƙalin wasa ko ɗaya daga Nijeriya ba. Ƙasar da ta kai wasan ƙarshe a wannan gasa, amma ba a amince da busa usur ɗin 'ya'yanta ba. Abin da muka shuka a filayenmu shi muke girba.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a jadawali. Jos gari ne da ya ba ƙasar nan 'yan ƙwallo tun zamanin su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo, har zuwa su John Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon. Har yau a kowace unguwa, daga Tudun Wada zuwa Nasarawa Gwom, daga Bukur zuwa Kabong, akwai yara masu buga tamaula ba takalmi suna mafarkin kaiwa inda waɗannan suka kai. Ƙwallo na cikin abubuwa kaɗan da suka rage waɗanda ke tara mutanen garin a benci ɗaya ba tare da an tambayi sunan kowa ko inda yake sujada ba. Wanda ya san abin da Jos ta sha tun daga 2001 ya san darajar wannan. Duk ranar da aka mai da fili wurin jifa, uba zai hana ɗansa zuwa, mace ba za ta kusanci wurin ba, mai kamfani zai janye tallarsa, sai a bar wa 'yan tayar da zaune tsaye filin su kaɗai.

Saboda haka ga shawarwarinmu. Ga masu gudanar da gasar, muna roƙon a rage dogaro da cin tara. Tarar da aka ci ƙungiyar gwamnati daga baitulmali za a biya ta, wato daga kuɗin malamin makaranta da na asibiti, wanda ya yi jifar kuwa ko a jikinsa. A riƙa zabge maki, kuma a yi wa babba da ƙarami daidai, domin maki ne kaɗai abin da mai goyon baya ke jin zafinsa. A tabbata kuɗin alƙalin wasa da masaukinsa sun fito daga hannun hukuma a kan lokaci, kada ya nemi ko ruwan sha a wurin mai gida. A ɗauki hoton kowane wasa tun daga farko har ƙarshe, a hukunta alƙalin da ya yi son kai, a kuma ɗaukaka wanda ya tsaya a kan gaskiya. Wanda aka kama ya ɗaga hannu a kan alƙali ko ɗan wasa, a kai shi kotu kamar kowane mai laifin duka, gama katangar filin wasa ba ta hana dokar ƙasa shiga.

Ga gwamnatocin jihohi, in za ku riƙe ƙungiya ku riƙe ta da kyau. Ku biya yaran nan haƙƙinsu a kan kari, ku sa su isa garin da za su yi wasa da sauran lokacin hutawa, ku kuma auna shugaban ƙungiya da abin da ya tara a ƙarshen kaka da yaran da ya rena, kada ku auna shi da wasan Lahadi ɗaya.

Sa'an nan mu dawo kanmu, 'yan'uwa. Yawancin wasannin nan ranar Lahadi da yamma ake yin su, kuma da yawa daga cikin masu cika filayen Jos da Lafiya da Makurɗi da Gombe 'ya'yanmu ne, waɗanda da safe suna tare da mu a majami'a. Ba daidai ba ne bakin da ya yi waƙar yabo da safe ya koma zagin uwar alƙalin wasa da la'asar, ko hannun da ya gaisa da jama'a a ƙofar majami'a ya ɗauki dutse. Iyaye da shugabannin zumuntar matasa su riƙa yin wannan magana a fili. A fara kuma daga ƙananan gasannin da muke shiryawa tsakanin ikilisiyoyi da unguwanni, domin a can yaro ke fara koyon ko dai ya miƙa wa wanda ya ci shi hannu, ko ya bi shi da gudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba mu ce kada a so ƙungiya ba. A je fili, a sayi tikiti, a buga ganga, a yi ihu har murya ta dushe. In alƙali ya yi kuskure a yi masa ihun rashin yarda, shugabanni kuma su rubuta ƙara ta hanyar da doka ta tanada. Amma in an busa tashi baƙo ne ya ci, a buɗe masa ƙofa ya shiga motarsa ya kama hanya. Baƙo raɓa ne, gobe mu ne baƙi a garinsa, kuma yaran da ke cikin motar tamu 'ya'yan wasu ne da ke jiran dawowarsu. Plateau United ta bar wa baƙi maki a Jos a 2017, kuma kofin bai fasa zuwa ba.

Allah ya ba shugabannin wasanninmu hikima da tsoronsa, ya kiyaye 'yan wasanmu a kan hanya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.